Yadda Ake Sarrafa Aikatau na Faransanci a Passé Simple, Mataki-Mataki

Babu tambayar da ɗaliban Faransanci suka fi yi mini kamar wannan: "Malam, wai wannan il parla da ils parlèrent da muke gani a littafi, ta ina ake fito da su?" Masu shirin jarrabawar BEPC a Maraɗi da Damagaram suna yi, 'yan jami'a masu haramar tafiya ƙauyen koyon Faransanci na Badagry ma suna yi. Dalilin ɗaya ne: ba a jin wannan lokacin, passé simple, wato shuɗaɗɗen lokaci na rubutaccen labari, a baki. Kana iya shekara goma a Yamai kana ciniki da Faransanci ba ka ji wanda ya ce nous arrivâmes ba, in ma wani ya faɗa dariya za a yi masa. Amma da ka buɗe littafin labari ko na tarihi, ga shi nan layi bayan layi: Le Niger proclama son indépendance le 3 août 1960. Kunne bai saba da shi ba, don haka hannu ne zai koya. Ga yadda nake bi da ɗalibaina.

Kayan aiki

Littafin rubutu ɗaya, wanda 'yan Nijar ke ce wa kaye, da biro biyu, baƙi da ja. Baƙin na saiwar kalma ne, jan kuma na ɗafa-ƙeya. Kada ka raina wannan, ido yana riƙe launi fiye da yadda yake riƙe bayani. Sai ƙamus, sai littafin sarrafa aikatau na Bescherelle in kana da hali. Ba sai sabo ba. Na hannu da ake shimfiɗawa a ƙasa a bakin kasuwa ya wadatar, domin abin da za ka duba a ciki bai canja ba tun zamanin da iyayenmu suka yi makaranta. Ban da waɗannan babu wani kuɗi da za ka kashe. Abin da aikin ke ci shi ne lokaci: minti 20 kullum har mako guda, da hannu, a takarda. Kallon jadawali a waya ba ya zaunar da shi.

Mataki na 1: Tabbatar wurin na passé simple ne

Kafin ka taɓa aikatau, tambayi kanka ko nan wurinsa ne. A nan Bahaushe ya fi Bafaranshen yaro sa'a, sai dai ba a faɗa masa. Muna da abin nan a harshenmu. Dubi waɗannan uku:

Sun tafi kasuwa.
Sai suka tafi kasuwa.
Suna tafiya kasuwa, rana tana dukansu.

Ta farko labari ne da kake ba maƙwabcinka yanzu, Faransanci zai sa passé composé: ils sont allés. Ta biyu ita ce muryar mai tatsuniya, abu na bin abu, sai suka tashi, suka kama hanya, suka isa. Malaman nahawun Hausa suna kiranta shuɗaɗɗen lokaci na biyu, kuma a rubutaccen labari aikinta passé simple ke yi: ils allèrent. Ta uku shimfiɗa ce, halin da ake ciki kafin wani abu ya auku, wannan na imparfait ne: ils allaient.

Don haka in kana shakka, faɗi jimlar da Hausa a zuciyarka, ka mai da ita jam'i. Dole sai jam'i, domin a rubuce "ya tafi" na hira da "ya tafi" na labari kamarsu ɗaya, a "sun" da "suka" ne bambancin ke fitowa. In "sai suka" ta zauna daram, ci gaba zuwa mataki na 2. Kalmomi irin su soudain, tout à coup, un jour, alors, aussitôt su ma alama ce, kusan duk "sai" ce da "kwatsam".

Hattara: ba kowace "suka" ba ce. Wadda ke cikin tambaya, kamar "wa suka gani?", da wadda ke bin "da", kamar "mutanen da suka zo", ba sa cikin wannan awo. Ta jerin aukuwa kaɗai nake nufi. Haka kuma in mutanen cikin labarin suka buɗe baki suna magana, a koma passé composé, tunda magana ce ta baki.

Mataki na 2: Nemo asalin aikatau, ka gano gidansa

Rubuta aikatau ɗin a siffar da ƙamus ke kawo shi, wato infinitif. Daga ƙarshensa za ka san gidansa. Masu bin ƙa'ida gida uku ne.

Masu ƙarewa da -er, irin su parler, marcher, donner, regarder. Su ne kusan tara cikin goma na aikatan Faransanci, shi ya sa za mu daɗe a kansu.

Masu ƙarewa da -ir waɗanda ke fitar da -iss- a jam'i, irin su finir, choisir, grandir, réussir. Gwajinsu shi ne ka ce nous a lokacin yanzu. In ka ji nous finissons, nous choisissons, ɗan gida ne.

Masu ƙarewa da -dre irin vendre: attendre, entendre, répondre, perdre, rendre, descendre.

Hattara: kama da wane ba wane ba ce. Prendre ya yi kama da vendre ƙwarai, amma ba gidansu ɗaya ba. Shi il prit yake bayarwa, ils prirent, haka 'ya'yansa apprendre da comprendre. Craindre da peindre su ma nasu daban, il craignit, il peignit. A ɓangaren -ir kuwa, venir, tenir, courir da mourir duk baƙi ne: il vint, il tint, il courut, il mourut. In ka ci karo da ɗayansu, ajiye wannan jagora ka buɗe Bescherelle.

Akwai kuma baƙon da ke zama ɗan gida. Aller yana wahalar da mutane a ko'ina, je vais, j'irai, amma a passé simple lafiya lau yake bin 'yan -er: j'allai, il alla, ils allèrent. Haka envoyer: il envoya.

Mataki na 3: Yanke ƙarshen, ka fitar da saiwa

Cire haruffa biyun ƙarshe, ba ɗaya ba, ba uku ba. Parler ya zama parl-, finir ya zama fin-, vendre ya zama vend-. Rubuta saiwar da baƙin biro sau shida daga sama zuwa ƙasa, gaban je, tu, il, nous, vous, ils. Saiwar ba ta motsi daga layin farko har na shida.

Hattara: duk sauye-sauyen da ka haddace na lokacin yanzu, bar su a bakin ƙofa. Ka koyi j'achète da alama a kan e, j'appelle da l biyu, je jette da t biyu, je nettoie da i, je préfère. Babu ko ɗaya da ke shigowa nan. Saiwar ƙamus za ka ɗauka yadda take: achet-, appel-, jet-, nettoy-, préfér-. Ɗalibai masu ƙoƙari ne suka fi faɗawa wannan rami, su rubuta ils appellèrent don sun tuna da l biyu. Daidai shi ne ils appelèrent, ils achetèrent, ils jetèrent.

In saiwar ta ƙare da wasali, kada ka tsorata ka haɗiye shi. Étudier ya bar étudi-, créer ya bar cré-, jouer ya bar jou-. Za ka samu il étudia, il joua, ils créèrent. Na ƙarshen yana da ban mamaki a ido, é da è kafaɗa da kafaɗa, amma haka yake.

Mataki na 4: Ɗafa wa 'yan -er ƙeyarsu

Ɗauki jan biro. Ga su shida: -ai, -as, -a, -âmes, -âtes, -èrent.

je parlai
tu parlas
il parla
nous parlâmes
vous parlâtes
ils parlèrent

Wannan gidan wasalin a ne. Biyar na farko duk da a suka fara, na shida ne kaɗai ya bijire ya ɗauki è. Ukun farko ma ka riga ka san su, su ne avoir a lokacin yanzu: j'ai, tu as, il a. Wanda ya iya wannan ya gama rabin aiki.

Furucin kuwa: parlas da parla ɗaya ake faɗarsu, s ɗin ba ya fita. Parlâmes "parlam", parlâtes "parlat". A parlèrent ana jin r ɗin ƙarshe, amma -ent shiru yake. Na sha jin ɗalibi yana karantawa da ƙarfi yana cewa "parleran", wannan kuskure ne da malami ke ji tun daga bayan aji.

Hattara ta farko: il parla ba shi da t. Hannu yana son ƙara shi domin ya saba da il finit, il dit. In ka rubuta parlat ka rubuta abin da babu shi a harshen, in kuma ka ɗora wa a ɗin hula, wato alamar ^, ka rubuta parlât ka tsallaka wani lokacin daban, imparfait du subjonctif, wanda ba shi aka tambaye ka ba.

Hattara ta biyu: hular nan, accent circonflexe, ta nous da vous ce kawai, kuma ba ta faɗuwa. Gyaran rubutun da aka yi a Faransa a 1990 ya yarda a sauke ta daga kan i da u a kalmomi da yawa, amma ya bar ta passé simple a inda take. Kada wani ya ce maka an daina.

Hattara ta uku: na ils alamarsa mai gangarawa dama ce, è, ba é ba. Ils parlérent kuskure ne.

Mataki na 5: Gyara masu g da c

Wannan shi ne wurin da maki ke zubewa a dikte, wato shifta, don haka a natsu. A Faransanci g da c suna da murya biyu. Gaban e da i suna laushi, gaban a suna tauri. Tunda ƙeyar 'yan -er da a take farawa, sai an yi dabara kafin sautin ya tsaya yadda yake a asali.

Masu -ger, irin su manger, nager, voyager, partager, plonger: saka e tsakanin g da a.

je mangeai
tu mangeas
il mangea
nous mangeâmes
vous mangeâtes
ils mangèrent

Wannan e ba a furta shi, gadi kawai yake yi. In ka cire shi ka rubuta il manga, Bafaranshe zai karanta da g mai tauri irin na "gari".

Masu -cer, irin su commencer, lancer, avancer, placer: maƙala wa c 'yar jelarta, cédille.

je commençai
tu commenças
il commença
nous commençâmes
vous commençâtes
ils commencèrent

Hattara: dubi layi na shida a duka biyun. Babu ƙarin e a mangèrent, babu jela a commencèrent, domin è da kansa ya isa ya tausasa su. Wanda ya saba da layi biyar yakan zarce da hannu ya rubuta mangeèrent ko commençèrent. Ni kaina na yi ta yin wannan ina ɗalibi, har sai da na riƙa ja wa layi na shida zane a ƙasa kafin in fara rubutu.

Masu -guer da -quer ba su da wahala, u ɗinsu na cikin saiwa ne, ba a taɓa shi: il navigua, il expliqua, nous remarquâmes.

Mataki na 6: 'Yan -ir da 'yan -dre, tukunya ɗaya

Waɗannan gida biyu ƙeya ɗaya suke ɗauka, ta wasalin i: -is, -is, -it, -îmes, -îtes, -irent.

je finis, tu finis, il finit, nous finîmes, vous finîtes, ils finirent

je vendis, tu vendis, il vendit, nous vendîmes, vous vendîtes, ils vendirent

A nan il yana da t, saɓanin gidan a. Hular tana nan a nous da vous, ba ta hawa kan il. Finît da vendît na wancan lokacin ne da muka ce ba namu ba.

Hattara: -iss- ɗin da ka yi gwaji da shi a mataki na 2 ya gama aikinsa, ba ya shiga nan. Ils finissèrent babu shi. Haka ils vendèrent da il réponda, waɗanda ke fitowa in mutum ya ɗauki ƙeyar gidan a ya kai gidan i. Wani kuskuren shi ne il vendu ko il vendut, don an tuna da j'ai vendu. A wasu aikatan participe passé, wato siffa irin vendu da ke bin avoir, yana nuna hanya, amma a 'yan -dre ɓatar da kai zai yi.

Za ka lura je finis, tu finis, il finit daidai suke da na lokacin yanzu, harafi da harafi. Ba kuskure ka yi ba. Maƙwabtan kalmar ne ke faɗa maka lokacin: in ka ga il entra, choisit une place et s'installa, to choisit ɗin nan na labari ne, tunda na gabansa da na bayansa duk passé simple ne.

Wani sauƙi da ba a cika faɗa ba: partir, sortir, dormir, sentir, servir, ouvrir da offrir ba sa fitar da -iss-, ba 'yan gidan finir ba ne, amma a nan wannan ƙeyar suke ɗauka ba gardama. Il partit, ils sortirent, elle ouvrit. Ka dai kula da ouvrir, kada j'ouvre ya ja ka zuwa il ouvra.

Mataki na 7: Zaunar da shi cikin jimla

Passé simple kalma ɗaya ce. Babu avoir ko être a gabansa, saboda haka duk ciwon kan daidaita mace da namiji na passé composé ya kau. Elle est arrivée da elles sont arrivées sun koma elle arriva, elles arrivèrent. Kada ka ƙara e don mace ce.

Je gaban wasali ko h marar sauti yana zama j': j'aimai, j'habitai, j'attendis. Korewa tana rungume aikatau ɗin kai tsaye: il ne parla pas, ils ne répondirent jamais. Masu se, irin su se lever, suna riƙe wakilin sunansu a gaba: je me levai, il se leva, nous nous levâmes.

Sai abin da za ka fi buƙata a rubutun labari, wato "in ji shi" bayan magana. Ana juya aikatau da wakilin suna. In aikatau ya ƙare da a, sa t tsakanin karan ɗori biyu: demanda-t-il, cria-t-elle. In ya riga ya ƙare da t, karan ɗori ɗaya ya isa: répondit-il, demandèrent-ils. Wannan t na demanda-t-il aro ne don daɗin furuci, ba na aikatau ɗin ba ne, kada ya sa ka koma rubuta demandat.

Mataki na 8: Bincika aikinka

Karanta abin da ka rubuta, ka tsaya a kan kowane je. Je parlai, je parlais da je parlerai uku ne daban: na labari, na shimfiɗa, da na abin da za a yi. A ƙa'ida -ai é ake furta shi, -ais kuma è, amma mutane da yawa ba sa bambantawa, har a Faransar kanta, don haka kada ka dogara da kunne. Mai da je ya zama il. In jimlar ta nemi il parla, rubuta -ai. In ta nemi il parlait, rubuta -ais. Dabara ɗaya ce da ta "sun" da "suka".

Sannan duba masu r a ƙarshen saiwa, entrer, montrer, rencontrer, préparer. Il montra ya nuna, il montrera zai nuna. Ido yana zamewa a kansu in ana sauri.

In a waya kake rubutu, danne harafin ka riƙe, â, î, è da ç za su fito. A kwamfuta mai allon Faransanci na AZERTY è yana kan maɓallin 7, ç yana kan 9, hular kuma tana dama da P, ka danna ta sannan ka danna wasalin. A allon Ingilishi na Windows riƙe Alt ka buga 0226 don â, 0238 don î, 0232 don è, 0231 don ç, da lambobin gefen dama. Ka sa ido a kan mai gyaran rubutu na waya, yakan mai da parlai ta koma parlais ko parlait ba da saninka ba.

Mataki na 9: Gwada da labari

Jadawali kaɗai ba ya isa. Kwana biyun farko yi 'yan -er, aikatau biyar kullum, ka rubuta, ka rufe, ka sake rubutawa da ka, kamar wankin allo. Rana ta uku masu g da c. Ta huɗu da ta biyar gidan i. Ka fi ba il da ils ƙarfi, su ne ke cika littattafai, je na biye. Vous parlâtes kuwa, ban da takardar jarrabawa da wuya ka sake haɗuwa da shi. Être, avoir, faire, dire da voir ba sa bin ƙa'ida, amma ba labarin da ke tafiya ba su, don haka haddace ko da waɗannan: il fut, ils furent, il eut, ils eurent, il fit, ils firent, il dit, ils dirent, il vit, ils virent.

Sauran kwana biyun, ɗauki tatsuniyar da ka sani ka zuba ta a Faransanci. Ga wadda nake ba ɗalibai. Gizo yana barci a gindin kuka. Kwatsam sai kura ta iso, ta tsaya, ta dube shi. Gizo ya kurma ihu. Mutanen gari suka ji, suka ɗauki sanduna, suka ruga wajen bishiyar. Kura ta ja da baya, ta yi ɗan tunani, ta faɗa daji. Da dare Ƙoƙi ta ce, wa ya cece ka? Ya ce, jarumtata.

Gizo dormait sous un baobab. Soudain, une hyène arriva, s'arrêta et le regarda. Gizo poussa un cri. Les villageois entendirent le bruit, saisirent leurs bâtons et s'élancèrent vers l'arbre. La hyène recula, réfléchit un instant, puis plongea dans les buissons. « Qui t'a sauvé ? » demanda Koki le soir. « Mon courage », répondit-il.

Bi su ɗaya-ɗaya da jan biro. Dormait shi kaɗai ne imparfait, domin "yana barci" ne. Arriva, s'arrêta, regarda, poussa, recula da demanda gidan a ne, babu t. Entendirent da répondit 'yan vendre ne, saisirent da réfléchit 'yan finir. Plongea ta ɗauki e mai gadi, s'élancèrent kuma ba ta da jela tunda layi na shida ce. Tambayar Ƙoƙi ta fito da passé composé, a sauvé, don da baki ta yi ta.

In ka gama, mai da labarin bakin Gizo, shi ne ke bayarwa da je. Dormait zai koma je dormais da s, poussa ya koma je poussai ba s, le regarda ya zama me regarda, na ƙarshen kuma répondis-je.